Hazari Prasad Dwivedi: malamin jami'a kuma marubuci

Tambayar da aka aiko ita ce: "Ina karatun digiri na biyu a sashen adabi. Malaminmu ya ambaci wani farfesan adabin Hindi, Hazari Prasad Dwivedi, ya ce shi ne misalin mutumin da ya riƙe aikin jami'a da rubutun ƙirƙira bai saki ko ɗaya ba. Wane ne shi, me ya yi? Kuma anya hakan na yiwuwa, ko dai dole ɗaya ya cinye ɗaya?"

Ɗan'uwa, malaminku ya zaɓi misali mai kyau. Sai dai a karatun da na yi wa mutumin, na fi ganin aiki ɗaya ya yi tsawon rayuwarsa, ya riƙa fitar da shi ta ƙofa uku: littafin nazari, maƙala, da ƙagaggen labari. Abin da ya dame shi tun yana saurayi shi ne ya san me talakawan arewacin Indiya suka yi imani da shi, me suka rera, me suka yi gardama a kai, a cikin ƙarnukan da littattafan manyan malamai suka kau da kai daga gare su. Inda tsofaffin takardu suka ba shi hujja, sai ya rubuta nazari. Inda takardu suka yi shiru amma shi yana jin motsin mutane a wurin, sai ya ƙaga labari.

Mu a nan yawanci ta fina-finai muka san Hindi, har akwai masu jin ta ba su taɓa zama aji ba. Abin da ake koyarwa a sashen Hindi na jami'o'in Indiya ya fi haka faɗi nesa ba kusa ba. Hindin da ake rubuta jarida da ita yau a ƙarni na 19 ta kafu a matsayin harshen rubutu. Kafin nan mawaƙa da Braj suke waƙa, ko Awadhi, ko Rajasthani, ko Maithili, kuma can gaba da waɗannan akwai Apabhramsha, harshen da ke tsakanin tsofaffin harsunan Indiya da na yanzu. Saboda haka duk wanda ya zauna rubuta tarihin adabin Hindi sai ya yanke hukunci: wa zai shigar, wa zai bari a waje, daga ina labarin ya faro. A zamanin neman 'yancin kai wannan hukunci ya wuce na cikin aji, domin da shi ake gaya wa al'umma su wane ne kakanninta. A wannan fage Dwivedi ya yi suna.

An haife shi ranar 19 ga Agusta 1907 a wani ƙauye na gundumar Ballia, can ƙuryar gabashin jihar Uttar Pradesh ta yau, dab da Bihar. Gidansu gidan Brahmin ne, wato ajin malaman addinin Hindu na gado, da aka sani da ilimin Sanskrit, tsohon harshen addini da ilimi na Indiya, da na taurari. Shi ma ta nan ya bi. A Banaras ya sami shahadar gargajiya ta Shastri a 1929, a 1930 kuma ya kammala matakin Acharya a ilimin taurari. Ka lura da wannan da kyau: bai yi digirin boko a fannin Hindi ba, fannin da daga baya ya shugabanci sashensa a jami'o'i biyu. Digirin dakta da ake jingina masa na girmamawa ne, Jami'ar Lucknow ce ta ba shi a 1949 bayan littattafansa sun riga sun yi magana. Kwatankwacinsa a wurinmu shi ne wanda ya sauke Nahawu da Lugga da Balaga da Hisabi a zaure, sannan aka kira shi ya koyar da adabin Hausa a jami'a: zai ji abubuwa a cikin tsofaffin waƙoƙi waɗanda mai digiri uku bai ji ba, zai kuma sha kallon raini daga wasu masu digirin.

A watan Nuwamba na 1930, yana da shekara 23, ya sami aikin koyar da Hindi a Santiniketan, makarantar da shahararren mawaƙi Rabindranath Tagore ya kafa a Bengal, inda ake karatu a gindin itatuwa. Shekara 20 ya yi a can. Idan kana son ka fahimci Dwivedi, nan ne wurin tsayawa. Ya je ne yana ɗan malamai mai tsattsauran horo, ya tarar da wurin da masana Sinanci da Tibet da Farisanci da addinin Buddha suke zaune wuri ɗaya, ga masu zane da masu kiɗa. Ya koyi Bengali. Ya zauna kusa da Tagore har rasuwar dattijon a 1941. Amma wanda ya fi juya masa akalar bincike shi ne Kshitimohan Sen, malamin Sanskrit da ya yi shekaru yana yawo yana tattara waƙoƙin waliyyan talakawa daga bakin masu rera su a kan hanya. Daga tarin Sen ne Tagore ya fassara waƙoƙin Kabir ɗari zuwa Ingilishi a 1915.  Daga wurin Sen Dwivedi ya koyi cewa abin da ke bakin mabaraci mai waƙa ma hujja ce, ba sai abin da ke cikin kundi ba. A shekarun 1940 shi ya jagoranci Hindi Bhavana, cibiyar nazarin Hindi ta makarantar.

Akwai wani abu kuma da zaman Bengal ya ba shi. A 1907 wani masanin Bengal, Haraprasad Shastri, ya gano tsohon rubutun waƙoƙin Siddha, wasu malaman Buddha masu zuhudu, a ɗakin littattafan sarautar Nepal, ya buga su a 1916. A Bengal ana ta tattauna waɗannan waƙoƙi a matsayin tushen adabinsu. Dwivedi yana jin wannan muhawara kullum, kuma kunnensa na gaya masa cewa salon da jigon waɗannan waƙoƙi su ne yake ji a bakin Kabir, wanda ya zo ƙarnuka bayansu.

To a lokacin, wuƙa da nama a fagen tarihin adabin Hindi suna hannun Ramchandra Shukla na Jami'ar Hindu ta Banaras. Littafinsa na tarihi ya fito a 1929, kuma har yau ɗalibai na haddace rabe-raben zamunan da ya yi. Shukla gwani ne, kada kowa ya gaya maka akasin haka. Amma yana da wani ra'ayi game da zamanin Bhakti, wato zamanin waƙoƙin ƙaunar Ubangiji da ya mamaye arewacin Indiya daga wajen ƙarni na 14 zuwa na 17. A ganinsa, da mulkin Musulmi ya kafu, Hindu suka rasa sarauta da abin alfahari, sai yanke ƙauna ya tura su neman mafaka wurin Ubangiji. Ya san cewa wannan ruwa daga kudu ya gangaro, ya ma faɗa, amma ya ɗora nauyin bayaninsa a kan shan kaye. Waƙoƙin Siddha da na mabiya Nath, wata ɗariƙar masu zuhudu ta Hindu, kuwa ya ture su gefe, ya ce koyarwar ɗariƙa ce, ba adabi ba.

A 1940, Shukla na raye yana shugaban sashe, Dwivedi mai shekara 33 ya fitar da Hindi Sahitya ki Bhumika, wato shimfiɗa ga adabin Hindi. A farkon littafin ya yi maganar da ta shahara. A kuɗin Indiya na lokacin akwai ƙaramin kuɗi da ake kira anna, guda 16 ke yin rupi ɗaya. Ya ce ba ya musun muhimmancin Musulunci, amma ko da Musulunci bai zo Indiya ba, anna 12 na wannan adabi da haka zai kasance yadda yake, wato kashi uku cikin huɗu. Hujjarsa mai sauƙin kamawa ce. In da shan kaye ne ya haifi wannan ambaliya ta waƙoƙin ibada, da a Sindh da arewa za ta fara ɓullowa, inda rundunonin suka fara shiga. Amma a ƙasar Tamil ta fara, a bakin mawaƙan ibada da ake kira Alvar, a kudancin Indiya, tun tsakanin ƙarni na 6 da na 9, a wurin da babu wani mulkin Musulmi. Daga can ta hau arewa ta hannun malamai irin su Ramanuja da waɗanda suka biyo bayansa, ta tarar da ƙasa a jiƙe: ƙarnuka na wa'azin Siddha da Nath a cikin harshen talakawa, masu kushe bambancin ajin haihuwa da ibadar ganin ido.

Ni a wurina wannan ita ce babbar gudummawarsa, kuma ina so ka ga dalilin. Bayanin Shukla yana mayar da talakan Indiya mutum mai jiran a buge shi kafin ya motsa, yana kuma mayar da mafi kyawun waƙoƙin ƙasar kukan wanda aka kayar. Bayanin Dwivedi yana cewa mutanen nan suna da tunaninsu da ke tafiya tun da daɗewa, suna jayayya da malamansu, suna sauya addininsu daga ciki. Ka tuna shekarar. A 1940 ɗin ne aka zartar da ƙudurin Lahore na neman ƙasa daban ga Musulmi, gaba tsakanin al'ummomin biyu tana ta ruruwa. Mutumin da ya tashi a lokacin ya ce tarihin adabinmu ba labarin rauni daga baƙi ba ne, ya san abin da yake taɓawa. Adalci kuma shi ne a faɗi cewa Shukla ba maƙiyin Musulmi ba ne a nazarinsa: shi ya tace ya buga ayyukan Malik Muhammad Jayasi, Basufen da ya rubuta Padmavat a 1540, ya kuma ɗaukaka shi ƙwarai. Saɓaninsu na yadda ake karanta tarihi ne.

Bayan shekara biyu, a 1942, sai littafin Kabir. Kabir masaƙi ne na Banaras a ƙarni na 15, ya tashi a gidan masaƙa Musulmi, ya yi ta caccakar malaman Hindu da na Musulmi baki ɗaya cikin gajerun baitoci masu kaifi. Shukla ya yarda yana da baiwa, amma ya ɗauki harshensa a matsayin gauraye na masu yawon zuhudu, ya kuma fifita manyan mawaƙan Bhakti biyu, Tulsidas da Surdas, nesa da shi. Dwivedi ya juya ma'aunin. Ya ce abin da ake kira rashin tsabtar harshe iko ne: Kabir yana tanƙwara harshe yadda ya ga dama, in ya tafi da lalama to, in bai tafi ba ya tilasta shi, har ya kira shi mai mulkin kama-karya a kan magana. Ya bi kalmomin da Kabir ke amfani da su ɗaya bayan ɗaya ya nuna asalinsu a koyarwar Nath, ya warware baitocinsa masu juyayyen ma'ana waɗanda a da ake ɗauka surutu ne. Ya kuma kawo ra'ayin cewa masaƙan da Kabir ya fito cikinsu ba su daɗe da musulunta ba, kuma kafin nan suna ƙarƙashin tasirin 'yan Nath, shi ya sa yake da masaniya da duniyoyin biyu ba tare da ya zama ɗan gida a ko ɗaya ba. Bayan wannan littafi ba a sake koyar da Kabir a matsayin mai wa'azi kawai ba. Ya shiga sahun manyan mawaƙa.

Yanzu ga abin da ya shafi tambayarka kai tsaye. Tsakanin littafin Kabir na 1942 da littafinsa kan ɗariƙar Nath na 1950, cikin abin da ya fito akwai ƙagaggen labarinsa na farko, Banabhatta ki Atmakatha, a 1946. Banabhatta mutum ne na gaskiya, marubucin Sanskrit a fadar sarki Harsha wanda ya yi mulki daga 606 zuwa 647. A farkon littafin da ya rubuta kan sarkin, Bana ya ba da ɗan labarin kansa, ya ce ya yi ƙuruciyar yawon duniya tare da tarkacen abokai, ciki har da 'yan wasa da masu rawa. Daga nan ya yi shiru. Dwivedi ya ɗauki wannan shirun ya cika shi.

Dubi yadda ya gina littafin. Ya buɗe da gabatarwa da sunan aro, Vyomkesh Shastri, inda yake cewa wata tsohuwa 'yar Ostiriya mai suna Catherine, wadda suke kira Didi, ita ta tsinto rubutun a yawonta na bakin kogin Shon ta miƙa masa. Ya sa bayanai a ƙasan shafi yana nuna inda jimla kaza ta yi kama da wani wuri a ayyukan Bana na gaskiya, kamar yadda mai tace tsohon rubutu yake yi. A ƙarshe kuma shi da kansa ya tayar da shakka kan sahihancin rubutun, ya bar alamar cewa wataƙila labarin zuciyar tsohuwar ne. Wato kayan aikin manazarci ne ya mayar kayan ƙira.

A cikin labarin, Bana ya iso birnin Sthanvishvara yana gararamba, sai ya ji an kira sunansa daga wata rumfar sayar da ganyen taunawa. Mai rumfar Nipunika ce, wadda ta taɓa zama 'yar wasa a ƙungiyarsa kafin ta gudu. Mace ce daga ƙasan al'umma, bazawara tun tana yarinya, irin wadda littattafan fada ba sa ambata sai a matsayin baiwa. Ita ce ta ja shi ya yi shigar mata ya shiga wani gidan sarauta suka kuɓutar da wata gimbiya, Bhattini, da ake tsare da ita. Duk wani mataki na jarumta a littafin daga wurin Nipunika yake farawa. A hanya Bana ya gamu da wani mai zuhudu, Aghorabhairava, mutum mai ban tsoro da gatsali, wanda ya yi masa wasiyya da kada ya ji tsoron kowa, ko malaminsa, ko jama'a, ko nassin Veda, littattafai masu tsarki na Hindu. Wanda ya karanta littafin Kabir zai gane muryar nan take. Ita ce muryar da Dwivedi ya shekara yana bin sawunta a cikin tsofaffin baitoci, ga ta yanzu ta sami jiki da fuska tana magana. A nazari iyakarsa ya ce irin waɗannan mutane sun wanzu kuma ga abin da suka koyar. A labari ya iya nuna yadda ɗan Brahmin mai ladabi yake ji in ya tsaya a gabansu, gwiwarsa na rawa. Ƙarshen Nipunika kuwa a kan dandamali ya zo, tana wasan sarauniyar da ta miƙa mijinta ga wata, ta sha guba da gaske. Na daɗe ina jin nauyin wannan wuri, kuma ina tare da masu cewa Dwivedi ya ɗaukaka matan littafinsa har sama sannan ya sa su biya da rayukansu.

Maƙalunsa ma haka suke tafiya, sai dai da sauƙin kaya. Yakan fara da ƙaramin abu. Akwai wadda ta samo asali daga tambayar da 'yarsa ƙarama ta yi masa: me ya sa farce ke tsiro? Ya ce tambayar ta tsaya masa a rai. Sai ya bi ta a hankali. Akwai zamanin da farce shi ne makamin ɗan Adam. Daga baya ya koma dutse, ya koma ƙarfe, ya koma bindiga, har ya kai ga abin da aka jefa wa Hiroshima. Farcen ya daina amfani amma bai daina tsiro ba, kuma mutum bai daina yanke shi ba. Tsirowar ita ce dabbancin da ya rage a jikinmu, yankewar kuma ita ce shaidar cewa ba mu yarda da shi ba. Shafuka kaɗan ne, yaro zai iya karantawa, amma a ciki akwai tarihin makamai da tsofaffin littattafan ado na Sanskrit da tambayar ina sabuwar Indiya ta dosa. A Ashok ke Phool, tarin da ya fito a 1948, ya ɗauki wata fure da mawaƙan fada suka taɓa yi wa rububi sannan aka manta da ita, ya bi tarihinta har ya kai ga cewa maganar tsabtar al'ada ko tsabtar jinsi zance ne kawai, komai gauraye ne, abin da bai gauraya ba shi ne nacin ɗan Adam na ya rayu. A cikin tarin nan ne kuma ya bayyana ma'auninsa: da idon mutum yake duban adabi, kuma rubutun da ba zai fitar da mutum daga ƙasƙanci da dogaro da wani ba, yana jin nauyin kiran sa adabi.

A 1950 aka kira shi Jami'ar Hindu ta Banaras ya zama farfesa kuma shugaban sashen Hindi, wato kujerar da Shukla ya taɓa zama. Shekaru goman da suka biyo su ne na ɗaukakarsa a idon hukuma. A 1952 ya gabatar da laccocin da suka zama Hindi Sahitya ka Adikal, inda ya nuna cewa zamanin da Shukla ya kira na waƙoƙin jarumai an gina sunansa ne a kan littattafan da wasunsu daga baya aka rubuta su, wasu kuma sunansu kawai aka sani. Ya fi son a kira shi zamanin farko kurum, a buɗe ƙofarsa ga waƙoƙin addini da na soyayya. Shi da ɗalibinsa Vishwanath Tripathi sun tace Sandesh Rasak, waƙar Apabhramsha ta wani Musulmi mai suna Abdul Rahman, inda mace ke aika wa mijinta saƙo ta bakin matafiyi. A 1955 aka sa shi cikin hukumar farko ta harshen gwamnati, a 1957 aka ba shi lambar girmamawa ta ƙasa, Padma Bhushan. Amma Banaras ba ta taɓa karɓarsa da zuciya ɗaya ba. Akwai masu ganin baƙo ne daga Bengal, marar digiri, wanda ya taɓa mutuncin malaminsu Shukla. Rikicin cikin gida ya yi ta ci har aka raba shi da kujerar a 1960.

Jami'ar Panjab da ke Chandigarh ta ɗauke shi a shekarar. A can, a gindin duwatsun Shivalik, ya rubuta maƙalar Kutaj, kan wata 'yar bishiya da ke fasa dutse ta tsiro ta yi fure inda babu ruwa babu inuwa, ba ta roƙon kowa. Bai ambaci Banaras ba, amma masu karatu da yawa sun gane da wa yake. A 1967 Banaras ta mayar da shi, a 1968 aka naɗa shi rakta, babban muƙamin gudanarwa a jami'ar, a daidai lokacin da take fama da tarzomar ɗalibai. A 1970 ya bar muƙamin.

Wani ɓangare na aikinsa da ba a gani a jerin littattafai shi ne ɗalibai. Mafi shahara cikinsu Namwar Singh, wanda ya zama babban mai sharhin adabin Hindi na rabin ƙarni, ya kuma gina cibiyar harsunan Indiya a Jami'ar Jawaharlal Nehru da ke Delhi tun daga 1974. Namwar ɗan gurguzu ne, malaminsa kuwa ba haka ba, amma a 1982 ya rubuta littafi sukutum yana cewa Dwivedi ne ya gano wata hanya ta biyu a tarihin adabin Indiya, hanyar masu tawaye daga ƙasa, a gefen hanyar malamai da fada. Wannan littafi ya sake hura wutar gardamar Shukla da Dwivedi, har ta kai ana raba manazarta gida biyu, abin da ni nake ganin ya wuce yadda mutanen biyu suka ɗauki junansu.

Suka mafi zafi daga wani ɓangare ta zo. A 1997 Dharamvir, marubuci daga al'ummar Dalit, waɗanda tsarin ajin haihuwa ya ajiye a ƙasa, ya fitar da littafi kan masu sharhin Kabir, ya sa Dwivedi a gaba. Ƙorafinsa shi ne Dwivedi ya karɓi riwayar da ke cewa Ramananda, malami Brahmin, shi ne shehin Kabir, ya kuma sa haɗuwarsu ta zama abin da ya kammala Kabir. A ganin Dharamvir wannan dabara ce ta mayar da ɗan masaƙa almajirin Brahmin, a rungume shi don a rage masa kaifi. Maganar tana da nauyi, bai kamata a share ta ba. Dwivedi mutum ne mai son sulhu, alƙalaminsa yakan sassauta inda Kabir bai sassauta ba. Duk da haka ina ganin ba don littafin 1942 ba, da wuya Kabir ya sami matsayin da har za a yi faɗa a kan wa ya mallake shi. Akwai kuma masu kukan cewa harshen labaransa ya cika nauyin Sanskrit, siffantawa takan yi shafi guda labari na tsaye yana jira. Wannan ma gaskiya ne, musamman a labarinsa na biyu.

Saura rabin tambayarka na ƙarshe, ko dole ɗaya ya cinye ɗaya. Jera shekarun labaransa huɗu ka duba. Na farko 1946, yana Santiniketan. Na biyu, Charu Chandralekha, 1963, yana Chandigarh bayan an kore shi. Na uku, Punarnava, 1973, na huɗu kuma Anamdas ka Potha, 1976, duka bayan ya ajiye muƙamin rakta. A shekaru goman da ya yi yana shugaban sashe a Banaras, ga kwamitoci ga hukumomi ga 'yan adawa, bai fitar da ƙagaggen labari ko ɗaya ba. Bincike bai taɓa hana shi ƙirƙira ba, shi ne ma yake ba shi mutane da wurare da muryoyi. Abin da ya ci lokacinsa shi ne mulki da rigimar kujera. In kana tsoron wani abu a hanyar da ka ɗauka, wannan ne abin tsoro, kuma a jami'a yakan zo ne da sunan ci gaba.

Labarinsa na ƙarshe ya ɗauko shi ne daga wani ɗan gajeren wuri a Chandogya Upanishad, ɗaya daga tsofaffin littattafan addinin Hindu, labarin Raikva, mai zuhudun da ke zaune a ƙarƙashin amalanke. Dwivedi ya mayar da shi saurayin da ya tashi a daji cikin tunani, bai taɓa ganin mace ba sai ranar da hadari ya jefo 'yar sarki kusa da shi, daga nan kuma ya fara gane cewa akwai masu yunwa a ƙauyukan da ke kewaye da shi, kuma zaman tunani bai ciyar da su. Yana dab da shekara 70 ya rubuta shi. Kafin nan, a 1973, an ba shi kyautar Sahitya Akademi, cibiyar adabi ta ƙasar Indiya, saboda tarin maƙalunsa Alok Parva. Ya rasu a Delhi ranar 19 ga Mayu 1979 sakamakon ƙari a ƙwaƙwalwa.